Wasiƙar Godiya ga Kafintocin da Suka Gina Mana Dakalin Katako a Williamsburg

Zuwa ga shugaban kamfani da dukkan ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, a madadina da iyalina, domin in gode muku bisa dakalin katako da kuka gina mana a bayan gidanmu da ke kusa da Williamsburg, a jihar Virginia ta Amurka. Mu da muka taso a gidajen da rabin rayuwa a tsakar gida ake yin ta, a shimfiɗa tabarma a ci tuwo, a yi hira bayan sallar isha'i ana shan iska, zaman ɗaki a rufe ya daɗe yana damunmu, ga shi kuma bayan gidan namu gangare ne mai laka da ke riƙe ruwa.

Abin da ya fi burge ni a aikinku shi ne kulawar da kuka ba ɓangaren da ido ba ya gani. Ba ku taɓa ƙasa ba sai da kuka karɓo takardar izini daga hukumar gunduma, kuka kira lambar 811 aka zo aka yi alama a inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Daga nan kuka haƙa ramuka, kuka jira jami'in hukuma ya duba su, kuka zuba kankare, sannan kuka ɗora kowane ginshiƙi a kan mazaunin ƙarfe yadda katako ba zai taɓa danshin ƙasa ba, gara kuma ba za ta samu hanya cikin sauƙi ba. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, har na yi ƙorafi a raina, amma tarihin wurin da muke zaune ya nuna mini kuskurena.

Tafiyar 'yan mintuna ce daga gidanmu zuwa Jamestown, inda Turawan Ingila 104 suka sauka a watan Mayu na 1607 a ƙasar mutanen Powhatan, 'yan asalin yankin, suka zaɓi wani wuri mai fadama a bakin kogin James, suka kewaye kansu da katanga mai kusurwa uku ta itatuwan da suka kafa kai tsaye a cikin ƙasa. Itatuwan sun ruɓe, har aka daɗe ana zaton kogi ya cinye sansanin gaba ɗaya, sai bayan da masana suka fara tono a 1994 aka gano gurbinsa, kuma cikin abin da ya nuna shi har da tabon da ruɓaɓɓun itatuwan suka bari a ƙasa. A 1699 aka mayar da hedikwatar mulkin Virginia daga Jamestown zuwa Williamsburg, wadda ke kan tudu tsakanin kogin James da kogin York. A matsayina na ɗan Afirka, ba na zuwa Jamestown ban tuna da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai da aka sauke a Point Comfort, a gaɓar Virginia, a 1619 a cikin bauta ba. Danshin da ya ci katangar Jamestown yana nan a bayan gidanmu, kuma da shi kuka yi lissafi.

Haka nan kuka sa faifan ƙarfe a mahaɗar dakalin da bangon gida don kada ruwan sama ya shiga, kuka yi shinge mai tsayin inci 36, kuka matse sandunansa yadda kan ƙaramin yaro ba zai wuce ba. Ruwa ya tsayar da aiki kwana uku, amma kowace safiya sai kun kira kun sanar da mu. Uwargida ta ce lallai in ambaci cewa ma'aikatanku ba su taɓa shiga gida ba tare da neman izini ba, kuma kullum sai sun tsince ƙusoshi sun share wurin kafin su tashi.

Yanzu a kan dakalin muke cin abincin dare, a nan kuma muka karɓi baƙin sallah. Mun gode ƙwarai, Allah Ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku da girmamawa,
Magidanci mazaunin Williamsburg