Toshewar kunne bayan gashin ciwon daji: daga hanci ake fara kiyayewa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba mu fili mu ja hankalin iyalan masu ciwon daji na kai da wuya a Jihar Kebbi, waɗanda akan tura Sakkwato ko Zariya a yi musu gashi da na'ura, wato a ƙona ciwon da haske mai ƙarfi. Da yawa sukan dawo gida da sauƙi, sai bayan makonni ko watanni kunne ya toshe, mutum ya riƙa jin magana kamar daga cikin rijiya. Galibi ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne.

Tushen abin yana hanci. Akwai siririn bututu, tsawonsa bai kai santimita 4 ba, wanda ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci. Yakan buɗe idan an haɗiye yawu ko an yi hamma, iska ta shiga. Gashin da ake yi kwana biyar a mako har makonni shida zuwa bakwai yana kumbura cikin bututun, majina ta yi kauri ta bushe a bakinsa, daga baya tsokar da ke buɗe shi ta taurara. Iska na daina shiga, ruwa ya maye gurbinta.

Kafin a fara gashi, a nemi gwajin ji, musamman idan za a haɗa da maganin ciwon daji mai suna cisplatin, domin shi ma yana taɓa ji. A kuma tambayi likita ko za a iya tsara hasken ya rage bi ta kunne.

Aikin gida shi ne wanke hanci, kuma a nan ake yawan sakaci. A tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri giram 9, kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi. A sunkuya, baki a buɗe, a tura ruwan a hankali cikin kowace kafar hanci da babban sirinji marar allura, safe da yamma. Lokacin hunturu da ƙura a ƙara sau ɗaya. Ruwan rijiya ko na gulbi da ba a tafasa ba bai dace ba, gishiri mai yawa kuma raɗaɗi yake sawa har mutum ya bari. A nisanci taba da hayaƙin murhu. Idan likita ya amince, a toshe hanci a rufe baki a hura a hankali har kunne ya ɗan buɗe, amma ban da lokacin mura ko haɓo.

Muna roƙon a daina ɗiga man ja ko ruwan albasa a kunne. Ruwan da ya taru yana bayan dodon kunne, abin da aka ɗiga ba ya kai gare shi, ƙwayoyin cuta kawai yake kawowa. Kada kuma a matsa wa likita ya saka ɗan bututun da ake sa wa yara a dodon kunne. Kunnen da aka gasa ba ya warkewa da wuri, sau da yawa yakan yi ta zubar mugunya, ramin ya ƙi rufewa. Shi ya sa likitoci da yawa suka fi son zuƙe ruwan da allura, ko ba da na'urar taimaka wa ji.

Idan kunne ɗaya ne ya toshe, tare da haɓo ko ƙullutu a wuya, a koma asibiti cikin makon nan a leƙa bayan hanci da na'ura, domin ciwon dajin na iya dawowa ta nan.

Daga wasu ma'aikatan lafiya na fannin kunne, hanci da maƙogwaro, Birnin Kebbi.