Sanarwa: Ziyarar Dandalin Wasan Kwaikwayo na Samaru

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu haɗu a dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wato ginin nan na laka mai fasalin gidan Bahaushe.

Tun shekarun 1970 wurin nan yake rainon ƴan wasa. Daga nan ɗalibai suka riƙa fita ƙauyukan kewayen Zariya, su zauna da manoma, su saurari kukansu, sannan su mayar da shi wasa a gaban jama'ar garin. Wannan tafarkin nake so yaranmu su gani da idonsu, domin da yawansu ba su taɓa taka dandali na gaske ba, kullum atisayenmu a zaure yake ƙarewa.

Kowa zai ba da naira 1,500 kuɗin mota da ruwan sha, a miƙa wa ma'aji kafin daren Alhamis. Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan yau. Makaɗa, don Allah ku taho da kalangu. Iyayen da ƴaƴansu mata za su bi mu, Hajiya za ta kira ku.

Allah ya kai mu lafiya, ya bar zumunci.

Naku,
Sakataren ƙungiya