Bidiyon Minti Ɗaya Ya Cinye Mana Awa Biyu

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan gajerun bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook da WhatsApp game da kumburin jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira aniyurizim. Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce. Amma na yi mako uku ina jinyar yayata a kan wannan ciwo, kuma abin da na ji daga bakin masu aikin ya sha bamban da abin da ke cikin wayata.

Tana ninke kaya muna hira, sai ta dafe ƙeya ta ce, "Wani abu ya fashe a kaina." Nan take ta fara amai, ta ce a kashe fitila, hasken yana soke mata ido. Ɗanta ya zaro waya. Wani mutum cikin farar riga ya bayyana yana cewa ciwon kai mai zuwa da amai ƙarancin ruwa ne a jiki, a sha kofi biyu, a danna tsakanin babban yatsa da manuni. Muka ba ta ruwa, muka yi ta danna. Da hannuna na danna, Edita, shi ya sa ba na ɗora wa yaron laifi. Sai da wuyanta ya sanƙare muka nemi mota, bayan awa biyu.

A asibiti tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, "Hajiya, cikin minti nawa ciwon ya kai maƙura?" Na ce ai ko minti ɗaya bai cika ba. Bai ƙara jiran komai ba ya tura ta hoton kai na CT. Daga baya ya bayyana mini cewa alamar fashewar kumburin jijiyar ke nan: ciwon kai mai faɗowa kamar tsawa, irin wanda mutum bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya ce hoton ya fi kama jinin idan an ɗauka cikin awa 6 na farko, kuma jijiyar ta fi barazanar sake fashewa a ranar farko. Wasu ma ba sa kaiwa asibiti. Ita Allah ya yi da sauran kwana. Ta jijiyar matsematsi aka zura siririn bututu har ƙwaƙwalwa, aka cusa zaren ƙarfe ya toshe kumburin, ba a buɗe kai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Tun da na bincika sunan ciwon sau ɗaya, wayata ta cika da shi. "Alamomi biyar da ke nuna kana ɗauke da shi": gajiya, mantuwa, jiri, rawar fatar ido, ciwon kai da yamma. Wa ya tsira daga wannan jeri? 'Yata mai shekara 19, wadda ke fama da ciwon ɓarin kai tun tana ƙarama, ta yi kwana da kwanaki ba barci, tana jiran kanta ya fashe.

Alhali gaskiyar ba haka take ba. Kumburin kamar ƙululun da tiyub ɗin keke ke yi ne a inda roba ta yi laushi, yawanci a mararrabar jijiyoyin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 na ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba, ba ya ba su wata alama, kuma ba zai taɓa fashewa ba. Idan ya girma ya danne jijiyar ido, fatar ido ɗaya kan faɗi, ko a riƙa ganin abu bibbiyu, wannan kam na gaggawa ne. Ƙananan da ba su kai milimita 7 ba, sau da yawa sa ido kawai ake yi. Abin da ke ƙara haɗari sananne ne: shan taba, hawan jini, da samun 'yan uwa na jini biyu ko fiye masu ciwon. Amma wa zai tsaya kallon bidiyon da ke cewa je ka auna jininka, ka bar sigari? Ba ya tayar da tsikar jiki, don haka manhajar ba ta yaɗa shi.

Masu tallar ƙwayoyin "wanke jijiya" kuwa, ba zan ɓata tawada a kansu ba. Babu abin haɗiya da ke sace kumburin nan.

Ban ce duka ƙarya ba ne. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na gaske a can, akwai kuma waɗanda suka tsira suna ba da labari tsakani da Allah, kamar yadda 'yar wasan Ingila Emilia Clarke ta bayyana a 2019 cewa tata jijiyar ta fashe a 2011. Sai dai a fuskar waya duk farar riga ɗaya ce, kuma labarin mutum ɗaya ba ya zama ma'aunin kowa. Wanda bai tsira ba ai ba ya yin bidiyo.

Roƙona, Edita, ku gayyato likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a shafinku na lafiya, da cikakken sunansa da inda yake aiki. Ku tambaye shi wane ciwon kai ne na a kwanta a huta, wanne ne na a ruga asibiti ko da tsakar dare, kuma su wa ya kamata a yi wa hoto tun suna lafiya. Zan yanke shafin in kai wa yayata. Ta koma gida, tana tafiya da ƙafarta, sai dai har yanzu takan tsaya a tsakiyar zance tana laluben kalma.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku