Kun bar baƙonku ya wanke gwamnoni

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Baƙon nan naku ya kwashe rabin lokacin yana ɗora wa Abuja laifin komai, tun daga rufin ajin firamare da iska ta yaye har duhun da mutane ke kwana a ciki, mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Wallahi ba haka ba ne.

Mu da ke zaune a Saudiyya mun san ƙasar da wuƙa da nama ke hannu ɗaya: sarki ke naɗa gwamnonin yankuna 13, kuɗi kuma daga Riyadh suke fitowa. Nijeriya ba haka aka gina ta ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya zo da jerin abubuwa 68 da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su soja, 'yan sanda, kwastan, fasfo da ma'adinai. Sai jeri na biyu da tarayya da jihohi ke tarayya a kansa, in dokokinsu suka ci karo ta tarayya ce a sama. Abin da babu shi a jerin biyun nan kuwa na jiha ne.

Kan 'yan sanda, in baƙon ya ɗora wa Abuja laifi yana da gaskiya. Sashe na 214 na kundin ya hana kafa wata runduna bayan ta ƙasa, na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sandan jiha damar neman a kai umarnin gwamna gaban shugaban ƙasa kafin ya zartar. Amma me ya haɗa wannan da allo da benci?

Firamare aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Dokar 2004 da ta kafa UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, da sharaɗi: jiha ta fara ajiye daidai abin da za a ba ta. Ba ta ajiye ba, kuɗin su zauna a Abuja, yara su zauna a ƙasa. Jihohi da dama sun bar kasonsu haka shekara da shekaru. Wa ya hana su?

Lantarki ma hujjar ta ƙare. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko a inda babban layin ƙasa ya ratsa, Tinubu ya bi da dokar lantarki a watan Yuni. Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ragamar kula da kasuwar wutarsu a 2024. Mai gabatarwa bai tambayi ina jihar baƙon ta kwana ba.

Sai kuɗi. A rabon asusun tarayya Abuja na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kason Abuja ya yi yawa, na yarda. To amma na ƙananan hukumomi 774 fa? Ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi gwamnoni suka riƙa danne shi, ciyaman ya sa hannu kan abin da bai gani ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Ko sau ɗaya ba a ambaci hukuncin nan ba. 'Yan'uwanmu a nan riyal suke tarawa suna aikawa gida kuɗin makarantar kuɗi, ku kuma kun hana su sanin wanda za su tuhuma.

Sannan don Allah in za ku sanar da lokacin buga waya ku faɗi agogon wace ƙasa. Muna gaban Nijeriya da awa biyu, mutum ya kira ya tarar an rufe layi.

Mai sauraronku,
Unguwar Karantina, Jidda.