Makin CA a makarantunmu: me yake aunawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da malamai, iyaye da hukumomin ilimi na Jihar Sakkwato kan makin da ake kira CA, wato makin gwaje-gwajen da ake tarawa a cikin zangon karatu kafin babbar jarrabawa. Tun lokacin tsarin 6-3-3-4 manufar ilimi ta ƙasa ta shigo da shi, don kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar rana ɗaya, kuma don malami ya gane inda ɗalibi ya makale tun da sauran lokacin gyara. A yau, a makarantu da yawa, ya koma gurbi a littafin maki da ake cikewa a makon ƙarshe.

Bari mu fara da lissafi. Makarantu kan raba maki 100 gida biyu, CA 30 jarrabawa 70, ko CA 40 jarrabawa 60. A ce an ba yaro 32 cikin 40 saboda yana zuwa makaranta, ba ya fitina, kuma ya kawo tsintsiya ranar shara. Sai aka yi jarrabawar canki-canka mai tambaya 60, kowace da zaɓi huɗu. Wanda bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, in ya rufe ido ya yi ta zaɓe, zai dace da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato maki 15. An haɗa ya tashi da 47, ya ci, ya wuce aji na gaba. Babu wanda ya yi satar amsa a nan, amma takardar sakamakon da aka kai wa ubansa ba ta faɗi gaskiya ba. Haka zai yi ta hawa har ya isa gaban WAEC ko NECO, inda sai da 50 ake samun C6, ko gaban kwamfutar JAMB, sannan a fara neman wanda za a ɗora wa laifi.

Ba zato muke yi ba. A 2011 an gwada karatun Hausa na ’yan aji uku na firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi, ƙarƙashin shirin da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta tallafa, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba daga ɗan gajeren labarin da aka ba su. Waɗannan yara duk suna da makin CA a rajista, kuma da makin suka hau aji uku. A garin nan na Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, don haka mu ya fi kamata abin ya dama.

Malamai ba mugunta suke yi ba. Mai yara 90 a aji, wanda babu takardar gurza tambaya, ga hedimasta yana jiran maki ranar Alhamis, zai ba da gwaji ɗaya ya raba makinsa gida uku. A wasu makarantun kuɗi kuma ana tsoron uba ya ga jan biro ya cire ɗansa. Amma akwai hanyoyin da bincike ya tabbatar, waɗanda ba sa cin kuɗi, kuma mafi ƙarfinsu mun san shi tun a makarantar allo. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya karatun da ka, in ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take, gobe kuma a koma tilawar na baya. A 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa, ɗayan ya karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa shi ya rubuta abin da ya tuna. Bayan mintuna biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu maimaitawa suka tuna kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka yi ta gwadawa kuwa kashi 61. Gwaji kansa koyarwa ne, muddin ana yin sa a kai a kai kuma ana gyara. Haka Black da Wiliam na Ingila suka samu a 1998 bayan sun duba bincike kusan 250, kuma suka lura raunanan ɗalibai ne suka fi cin moriyarsa.

Ga yadda ake yi a aji mai cunkoso. Mintuna biyar na farkon darasi, a rufe littattafai, malami ya rubuta tambaya biyar a allo: biyu daga darasin jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Yara su amsa a bayan littafinsu, su yi musaya da na kusa, a duba tare. Ba a sa wannan maki a rajista, domin da zarar ya shiga rajista leƙen takarda zai fara. A tsakiyar darasi kuma, maimakon “kun gane?” da amsar “eh, Malam” ta baki ɗaya, a ba da tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, a ƙirga uku, kowa ya ɗaga yatsu a ƙirjinsa, ɗaya zuwa huɗu. A ƙirji, ba sama ba, don na baya kada su kwaikwayi na gaba. In sulusin aji ya kuskure, ba a wucewa. Zaɓin da ba daidai ba ma sai an tsara shi: in tambayar 1/2 a tara da 1/3 ce, dole 2/5 ya kasance cikin zaɓin, saboda duk yaron da ya ɗauke shi ya nuna yana tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma malami ya san abin da zai sake koyarwa. Sannan a riƙa jira. Wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu shiru ma su buɗe baki. 

Batun “na nawa ka yi?” shi ne inda muke roƙon iyaye. A binciken Ruth Butler na 1988, an mayar wa wasu yara aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin gyara kawai, wasu da duka biyun. Masu bayani kaɗai ne suka ci gaba sosai. Waɗanda aka haɗa musu da maki sun duba lambar, sun leƙa ta maƙwabci, sun rufe littafi. Saboda haka a jingar mako, layi ɗaya kamar “ka manta aro daga gidan gomomi, sake yin na 3 da na 5” ya fi 4/10 amfani, in dai an ware minti goma a aji don yin gyaran. Na ɗaya a ajin da ba a iya karatu ba, bai iya ba shi ma. Uba ya miƙa wa ɗansa littafi ya ce karanta mini, zai fi sanin inda aka kwana.

A firamare 1 zuwa 3, gwajin da ya fi kowane muhimmanci na minti ɗaya ne. A rubuta labarin Hausa mai kalma 60 wanda yaro bai taɓa gani ba, domin in daga littafin aji ne zai rera shi da hadda. A zauna da yaro shi kaɗai, a kunna agogon waya, a ja layi kan kalmar da ya kuskure ba tare da ya gani ba. In ya tsaya daƙiƙa uku a ce ya wuce. In layin farko duk ya gagara, a dakata, a koma gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, in su ma sun gagara a koma haruffa. Wanda ya karanta a yi masa tambaya biyar kan labarin. Yaro goma a rana, aji mai 80 ya ƙare cikin kwana takwas. Daga nan a raba su rukuni bisa matakinsu, masu haruffa, masu gaɓoɓi, masu kalmomi, masu labari, a ba su awa ɗaya kullum, a sake gwadawa bayan mako shida. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan salo. Inda yake lalacewa shi ne in aka yi gwajin, aka tura sakamakon ofis, aji ya ci gaba yadda yake.

A sakandare da manyan makarantu, ciwon yana wurin tsara tambaya. Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya a zana jadawali: darussan zangon a gefe, kowane da makinsa gwargwadon makonnin da ya ci, a sama kuma a raba tsakanin tunawa, bayani, da aiki da ilimin a yanayin da ɗalibi bai saba ba. In ba a yi haka ba, sai ka ga kashi 80 na takarda “kawo ma'anar” da “lissafo” ne, mai haddace handaut ya fita da A. Bayan an duba takardu kuma, tambayoyin su ma a duba su. A ɗalibi 100, a ware takardu 27 na sama da 27 na ƙasa. In tambaya ta 7 mutum 24 na sama sun ci, 8 na ƙasa sun ci, a cire 8 daga 24 a raba da 27, an samu 0.59, tambaya ce mai kyau, a adana ta. Abin da ya gaza 0.2 sai an sake rubuta shi. In na ƙasa sun fi na sama ci, to a duba takardar amsoshin malami, galibi nan kuskuren yake, ko kuma tambayar tana da amsa biyu. Aikin yamma ɗaya ne.

Gwajin tsakiyar zango da ba a mayar wa ɗalibi takardarsa ba sai bayan jarrabawa ya rasa dalilinsa, kuma wannan ya zama ruwan dare a manyan makarantu. Mako biyu ya isa, ko da malami zai tsaya ne a gaban aji ya bi kurakurai biyar da suka fi yawa. Jingar gida kuwa, yanzu da waya ke rubuta wa ɗalibi komai, a haɗa ta da tambayar baki ta minti uku kan abin da ya kawo.

Akwai kuma yaran da ba su zo ranar gwaji ba, saboda gona da damina, ko ranar kasuwa, ko talla, ko gudun hijira daga gabashin jiha kamar Isa da Sabon Birni. Ana sa musu sifili ko a ƙirƙira musu maki, duka biyun ɓata rajista ne. A rubuta “bai halarta ba”, a ware rana ɗaya a wata ta ramuwa.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, shi ne jami'in da ya je duba makaranta kada ya tsaya ga rajistar da aka cike. Ya ɗauki yara biyar da kansa daga cikin sunaye, ya ba su karatun minti ɗaya da lissafi biyar, ya gwada da makin da ke rubuce. Kada kuma a hukunta malamin da ya kawo maki ƙasa na gaskiya, in aka yi haka gobe kowa zai kawo 32 cikin 40. Sassan ilimi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato da ta Shehu Shagari suna yaye ɗalibai masu rubuta kundin bincike duk shekara. Da za a tura wani kaso daga cikinsu su auna karatun yara a ƙananan hukumomi 23 da gwaji iri ɗaya, a farkon shekara da ƙarshenta, a buga sakamakon da Hausa, da kowane sakataren ilimi ya san makarantun da zai fara kai malamai da littattafai.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu malaman horar da malamai,
Sakkwato.