Zuwa ga 'yata, kan riƙon marayu

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Babanki ya gaya mini kin amince da maganar auren nan, na kuma san abin da ke cin ranki: yara biyun da marigayiya ta bari. Ƙawayenki sun cika miki kunne wai ɗan wata ba ya zama naki. To zauna ki ji tarihin wani gida a Amurka, zamanin da Turawa ke kutsawa yamma suna saran daji suna kafa gonaki.

Sunan matar Sarah Bush, an haife ta a 1788 a yankin da daga baya ya zama jihar Kentucky. Mijinta na fari, Daniel Johnston, mai tsaron kurkuku ne a garin Elizabethtown, ya rasu a 1816 ya bar ta da 'ya'ya uku da bashi. A ƙarshen shekarar ne wani kafinta da ta sani tun da, Thomas Lincoln, ya kwashi iyalinsa ya haye kogin Ohio zuwa dajin Indiana. Ba su cika shekara biyu ba ciwo ya faɗo wa yankin: shanu su ci wani haki mai dafi, dafin ya bi nono, wanda ya sha ya kwanta. Shi ya yi ajalin matarsa Nancy Hanks a watan Oktoba na 1818. Ta bar yarinya 'yar shekara 11 da yaro ɗan shekara 9 mai suna Abraham, ga kuma ɗan'uwanta Dennis Hanks da ya dawo gidan da zama.

A Disambar 1819 Thomas ya koma Kentucky, ya biya wa bazawarar bashinta, aka ɗaura aure, aka loda kayan ɗakinta a keken dawaki. Abin da ta tarar, ɗaki ne guda na gungumen itace, ƙasa ba daɓe, yara sun yi duƙun-duƙun cikin tsumma. Ba ta tsaya ƙorafi ba. Ruwa da sabulu ta fara nema, ta wanke su tas, ta gyara musu sutura, ta ba su shimfiɗa mai laushi. Sannan ta sa mijin ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya gyara ƙofa, ya fitar da taga. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, agololi da marayu a haɗe, kuma ba ta ware nata ba.

Nan nake so ki tsaya, 'yata. Yaron da ya rasa uwa ba daɗin baki yake aunawa ba. Ludayin yake kallo, wa aka fara zuba wa, wa aka ƙara wa nama. Kada ki raba kwano, ko bayan Allah Ya ba ki naki.

Ita Sarah ba ta iya karatu da rubutu ba, amma da ta ga Abraham na son littafi, mahaifinsa kuwa gatari da gona ya fi so ya gani a hannunsa, sai ta lallashi mijin ya bar yaron ya yi karatu a gida. Wannan ya fi burge ni a duk labarin: ta lura da abin da ke ran yaron, ta tsaya masa a gaban ubansa cikin ladabi.

Gidan bai rasa nasa hawaye ba. Yayar Abraham ta rasu wajen haihuwa a 1828. Da Thomas ya rasu a Illinois a 1851, John, ɗan cikin Sarah, ya so sayar da gonar ya tafi Missouri, Abraham ne ya ƙi yarda a taɓa eka 40 da ya keɓe domin ta. A Janairun 1861, kafin ya tafi Washington kama mulkin ƙasa, sai da ya je ƙauye ya yi mata sallama. An harbe shi a 1865, ita ta rasu a 1869.

Ranar da ta wanke masa dauɗa ba ta san shugaban ƙasa take wankewa ba, ke ma kada ki riƙe su don jiran sakayya. Kada ki hana su ambaton mahaifiyarsu, kada ki tilasta musu kiran ki Mama, ki bari ya zo da kansa. Kafin biki ina so mu je tare mu gaida kakarsu ta wajen uwa, domin ita ma zuciyarta na nan a kansu. Ki tambayo mini girman takalmansu in kin zo ranar Juma'a.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sanya alheri.

Mahaifiyarki