A Riƙa Faɗa Mana Cewa Zane Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma duk sanda jarida ta buga labarin wata duniya da aka gano tana kewaya wani tauraro mai nisa, sai ɗalibai su zo mini da hoton: ƙatuwar ƙwallo ja jawur, wuta na tashi a gefenta. Wa ya ɗauko wannan, Malam? Ba wanda ya ɗauko. Zane ne, kuma roƙona ku riƙa rubuta hakan a ƙarƙashinsa.

Ga misalin 51 Pegasi b, wadda Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995 daga wata cibiyar hangen taurari a kudancin Faransa. Ko kusa ba su gan ta ba. Hasken tauraronta sai ya tafi shekara 50 kafin ya iso mana, ita kuwa ta ɓace a cikinsa. Tauraron suka sa wa ido, suka lura yana ɗan matsowa yana ja da baya duk kwana huɗu da 'yan sa'o'i. A aji nakan riƙe hannun ƙaramin yaro ina juya shi. Shi ke yin babban zagaye, amma ni ma ba na tsayawa cak, sai na yi ta tangaɗi. Daga irin wannan tangaɗin aka gane akwai abin da ke jan tauraron, aka kuma ƙiyasta nauyin abin: kusan rabin na Mushtari, wato Jupiter, babbar cikin duniyoyin da ke kewaya ranarmu.

Abin ya ɗaure wa masana kai. Mushtari tamu kusan shekara 12 take yi kafin ta gama kewaya rana, can nesa cikin sanyi. Wannan kuwa ga ta a bakin wuta, zafinta ya kai wajen digiri 1,000, iska ce zalla, babu ƙasar da za a taka. (Wani ɗalibina ya riga ya fara tambayar ko za a iya komawa can.) Yawancin masana na ganin a nesa ta samu, daga baya ta gangaro kusa.

Aikin ya sa an ba mutanen biyu kyautar Nobel a 2019. A ganina labarin tangaɗin ya fi zanen daɗi, amma yaron da ya ɗauka hoto ne ba zai taɓa tambayar yadda aka yi aka sani ba. Layi ɗaya a ƙarƙashin hoton ya wadatar.

Naku,
Wani malamin kimiyya